Daga Nahuce Zuwa Tsibiran Yawuri: Kafin A Gayyaci Baƙo, A Tsare Ran Ɗan Gida

Gulbin Sakkwato daga wajajen Funtuwa yake tasowa. Ya ratsa Gusau da Bungudu, ya taru a madatsar Bakalori kusa da Talatar Mafara, ya haɗu da Rima a Sakkwato, ya bi ta Argungu da Birnin Kabi, sannan ya faɗa Kwara. Daga nan ruwan ya gangara ƙasar Yawuri, inda kogin ya buɗe ya rarrabu, ya bar tudu nan da can a tsakiyarsa. A kan waɗannan tuddai akwai garuruwa da gonaki da masallatai, akwai mutanen da a nan aka yanke musu cibi. Cikin tsibiran da jama'a ke zaune a kansu, da wuya a sami waɗanda suka fi na Yawuri kusa da mutumin Nahuce ta Zamfara.

Amma tambayi samarinmu sunan tsibiri ɗaya, za ka ji Zanzibar ko Maldibs. Wayar hannu ce ta koya musu. Suna kallon farin rairayi da shuɗin ruwa a Facebook da TikTok, suna cewa in Allah ya hore wata rana sai an je. Ba laifi ba ne, buri ba ya cin kuɗi. Sai dai tafiyar da sai an yi fasfo an sayi tikiti da dala, ba tafiyar malamin makaranta ba ce, ba kuma ta ɗan kasuwar da ke tsakanin Gusau da Tsafe ba. Ka ce musu Foge, su yi maka kallon wanda ya yi wani yare. Alhali Foge tsibiri ne babba a cikin tafkin Kainji, kuma tun 2008 aka sanya shi cikin jerin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ta ce duniya ta kula da su, saboda tsuntsaye da kifayen da ke rayuwa a wurin.

Abin da nake son faɗa a nan shi ne, ba rashin wuri mai kyau ya hana mu zuwa shan iska a tsibiri ba, ba kuma rashin talla ba. Hanya ce da jirgin fito. Duk wanda ke son tsibiran Yawuri su zama wurin hutun kwana biyu ko uku, to ya ajiye maganar otal da allon talla tukuna, ya fara da jirgin da matar ɗan tsibirin ke shiga ran kasuwa.

Na san akwai wanda tun a nan zai ture jaridar. Bahaushe matafiyi ne, amma ba ya tafiya sai da dalili: fatauci, cin rani, neman ilimi, aikin Hajji, zumunci, ta'aziyya. Kakanninmu sun kai Gwanja da jakuna neman goro, sun taka har Sawakin a bakin Bahar Maliya don su tsallaka zuwa Jidda. Amma ka ce wa dattijo za ka yi wuni guda a mota don kawai ka zauna ka kalli ruwa, zai tambaye ka ko wani ka sani a can. In ka ce a'a, sai ya yi shiru, shirun da ya fi faɗa ciwo. A wannan zamani ma da mutanenmu ke kwana da ido ɗaya saboda ɓarayin daji, maganar hutu tana kama da rashin ta ido. Na fahimci wannan. Sai dai ina ganin wanda ya shekara cikin fargaba shi ya fi kowa buƙatar kwana biyu a inda kunnensa zai huta. Hawan jini bai san cewa mu ba mu saba da hutu ba. Kuma kuɗin da mai hutu zai kashe a Yalwa ta Yawuri, na masauki da na kifi da na fito, aljihun ɗan'uwansa talaka zai shiga, ba na kamfanin jiragen sama ba.

Kafin a je wuri, ya kamata a san masu shi. Mutanen tsibiran nan su ne Gungawa, su kuma suna kiran kansu Reshe. Manoma ne na gaske, sun yi suna da noman albasa a bakin ruwa tun kafin a kawo injin ban ruwa, kuma su ne gwanayen tuƙin kwalekwale a wannan yanki. Tare da su akwai Sarkawa masunta masu jin Hausa, waɗanda suka biyo kogi daga ƙasar Kabi. Turawan farko da suka bi Kwara ta hannun waɗannan mutane suka bi. Mungo Park ya wuce ta Yawuri a 1806, ya halaka a gaba kaɗan, a Busa. A 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka zo Yawuri neman takardun da ya bari.

Babban abin da ya sauya rayuwar tsibiran shi ne madatsar Kainji. An fara gininta a 1964, aka kammala a 1968. Da aka tare kogin, ruwa ya koma baya ya yi tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, wanda kansa ya kai har Yalwa. Tsohuwar Busa ta nutse, aka gina Sabuwar Busa. Tsibirai da yawa suka nutse da gonakinsu da kaburburansu. Kimanin mutum 44,000 aka tasa aka kai sababbin matsugunai, kuma Gungawa na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Wasu suka koma gaɓa, wasu suka lallaɓa suka ci gaba da noma da su a abin da ruwa ya rage. An yi wannan duka don a samu wutar lantarki, megawat 760 in duk injinan takwas suna aiki, wutar da ta haska Legas da Kaduna har aka sayar wa Jamhuriyar Nijar. Ƙauyuka da yawa a bakin tafkin kuwa har yau da fitilar hannu suke kwana. Duk mai zuwa hutu ya riƙe wannan a ransa: shimfiɗaɗɗen ruwan da zai ɗauka hoto, a ƙarƙashinsa akwai gidajen kakannin mai tuƙa shi.

Akwai kuma wani abin a ƙarƙashin ruwan, wanda zan dawo kansa: itatuwa. Ba duk dajin aka share ba kafin ruwa ya hau. Kututtura suna nan tsaye a cikin tafki, wasu a nutse, wasu ruwa ya ɗan rufe kansu kawai.

To yaya mutumin Nahuce zai isa can? Hanya biyu ce. Ta farko ita ce babbar hanya: Maru, Talatar Mafara, Sakkwato, sannan a juya kudu ta Jega da Koko zuwa Yalwa. Zagaye ne mai nisa, wuni guda cur. Ta biyu ta fi gajarta a taswira, ta Anka da Daki Takwas a faɗa Zuru a gangara Yawuri, amma duk direban da ke son iyalinsa zai gaya maka abin da ke cikin wannan daji. Ita ma ƙasar Yawuri ba ta tsira ba. Ranar 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashe ɗalibai da malamai, kuma wasu daga cikin 'yan matan sai da suka kusa shekara biyu a hannunsu. Dajin da ke kewaye da tafkin Kainji ta yamma shi ma ya zama maɓoyar masu ɗauke da makamai.

Yi lissafi da kanka. Ma'aikaci a Gusau ya tashi aiki ran Juma'a bayan masallaci. Ba mai hankalin da zai kama hanyar Sakkwato da la'asar sakaliya a wannan zamani, don haka sai Asabar da safe. Ya isa Yalwa rana ta yi sanyi, lokacin da bai kamata kowa ya shiga jirgi ba. Lahadi kuwa ranar komawa ce. Ke nan hutun ƙarshen mako ya ƙare a kujerar mota bai taka tsibiri ba. Abin da wasu ƙasashe ke yi a kwana biyu, mu sai mun ware huɗu, sai dai a haɗa da hutun Salla. Rashin tsaro bai tsaya ga hana noma da kasuwa ba, ya ninka mana nisan ko'ina.

A ce an isa Yalwa lafiya. Nan ne ainihin maganar take. Jirgin da zai kai ka tsibiri jirgin katako ne dogo, an ɗaura masa inji a baya. Ba shi da lokacin tashi, sai ya cika. Cikar kuma ba ta da ma'auni sai idon mai jirgi: mutane, buhunan hatsi, awaki, babura, jarkokin mai, duk a ciki, har sai baki ya kusa sumbatar ruwa. Ba a rubuta sunan kowa. Rigar kariya in ma akwai, ba ta isa rabin fasinja ba, kuma wanda ya sa ta sai a riƙa kallonsa kamar mai ƙarancin tawakkali.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. Ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgi da ya taso daga Lokon Minna a Jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ya tsage ya nutse da mutum fiye da 150. Waɗanda aka ceto ba su kai talatin ba, aka yi kwanaki ana tsamo gawawwaki. Bayan wata shida, ranar 30 ga Nuwamba, jirgi ya kife a madatsar Watari ta Bagwai a Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi. Mu ma a Zamfara mun ɗanɗana: a Satumbar 2024 jirgin da ya ɗauko manoma zuwa gonakinsu ya kife kusa da Gummi, aka rasa fiye da mutum 40. Ba a yi wata guda ba sai ga na Gbajibo a ƙasar Mokwa, wanda ya ɗauko kusan mutum 300 da dare. Allah ya jiƙansu da rahama.

Abin lura a duk waɗannan, bayan an nutse ne ake fara gardamar mutum nawa ne a ciki. Wannan ya ce ɗari da sittin, wancan ya ce ɗari da tamanin. Ba wanda ya sani, domin ba wanda ya ƙirga. Dalilan kuma kusan iri ɗaya ne kullum: lodi ya wuce kima, jirgi ya tsufa katako ya ruɓe, an yi tafiyar dare, an ci karo da kututture, ko hadari ya taso da iska a tsakiyar tafki. Ba ɗaya daga cikinsu da ya fi ƙarfin ɗan Adam ya yi masa tanadi. Idan an yi magana sai a ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, ba mai wuce ranarsa. Amma malamanmu sun sha gaya mana cewa tawakkali ba ya hana riƙo da sababi, kuma ba mu taɓa jin mai jirgi ya bar kuɗin fito a bakin gaɓa ya ce ya dogara ga Allah ba.

Dubi Gore a ƙasar Senegal. Tsibiri ne ƙarami, tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba, ba mota a kansa, da ƙafa ake zagaya shi. Daga tashar Dakar tafiyar kamar minti ashirin ce. UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihin duniya tun 1978 saboda tarihin cinikin bayi. Amma tarihi kaɗai ba zai kai mutane can kullum ba. Abin da ke kai su shi ne jirgi mai lokacin tashi da lokacin dawowa, da tikiti, da tasha mai dakali. Ɗalibin da ke zaune a tsibirin da Baturen da ya zo kallo jirgi ɗaya suke shiga. Su ma Senegal ba da sauƙi suka koyi darasin ruwa ba: ranar 26 ga Satumba 2002 jirgin Joola ya kife a hanyarsa daga Kasamans zuwa Dakar, mutum 1,863 suka rasu, ya ɗauko ninkin ba ninkin abin da aka ƙera shi ya ɗauka. Ita kanta Zanzibar da samarinmu ke mafarki, a Satumbar 2011 wani jirgi da aka yi wa mugun lodi ya nutse tsakanin Unguja da Pemba da ɗaruruwan mutane. Ruwa ba ya sanin ƙasa mai arziki da matalauciya, lodi yake sani.

Ba wai ba mu da hukuma ba. Akwai NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa mai hedikwata a Lakwaja, kuma ta hana tafiyar dare, ta wajabta sa rigar kariya. Akwai HYPPADEC, hukumar raya yankunan da ake samar da wutar lantarki daga ruwa, mai hedikwata a Minna, wadda ta raba riguna ta kuma yi aikin cire kututtura daga hanyoyin jirage. An gode. Amma doka da aka rubuta a Lakwaja ba ta tsayawa a bakin gaɓar Wara ran kasuwa. Wanda ke tsaye a wurin shi ne Sarkin Ruwa da Sarkin Jirgi da shugabannin ƙungiyar masu fito. A ganina nan ne ya kamata a zuba ƙarfi. Su suka san jirgin da ya tsufa, su suka san inda kututture yake, su ake jin maganarsu. A ba su littafin rubuta sunan fasinja, a ja layi da fenti a jikin kowane jirgi wanda in ruwa ya taɓa shi an daina lodi, a ba su ikon hana tashi, a kuma ba su alawus don kada cikinsu ya dogara ga yawan lodi. Domin mai jirgi ba mugunta ce ke sa shi cika jirgi ba. Man fetur ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023, kuma fasinjansa talakawa ne da ba za su iya biyan ninki ba. In ba a taɓa wannan lissafi ba, ko riga dubu aka raba za a ci gaba da lodi.

Masarautar Yawuri tana da abin da za ta gina a kai. Sarkinta, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, tsohon shugaban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne, kuma a zamaninsa aka farfaɗo da bikin Rigata, inda ake tseren jirage da nuna gwanintar ruwa. Argungu ta nuna abin da bikin ruwa ke iya yi wa gari: tun 1934 ake yin bikin kamun kifi, har UNESCO ta karɓe shi a 2016. Sai dai biki kwana kaɗan ne a shekara. Ran Rigata za ka ga jami'ai da riguna da jiragen ceto saboda manyan baƙi. Abin da nake roƙo shi ne a bar rabin wannan shiri a bakin ruwa bayan baƙi sun watse.

Duk da haka akwai masu zuwa, kuma ban ce kada a je ba. Wanda ya yi niyya, ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin da ya fi shi ne bayan kaka. Kwara tana cika sau biyu a shekara: cikar damina mai laka da ruwan samanmu ke kawowa, da kuma wata cika ta ruwa garau da ke tasowa tun daga tsaunukan Gini, ta yi watanni a hanya, ta iso mana cikin sanyi, wajen Disamba zuwa Fabrairu. A lokacin ba hadari, sai dai hazo, wanda in ya yi kauri gara a haƙura da fito. A kwana a Yalwa, a shiga ruwa da hantsi, a dawo kafin la'asar. A ɗauki shatar jirgi in da hali, ko a haɗa kuɗi mutum biyar ko shida, maimakon a bi jirgin kasuwa. A sayi rigar kariya ta kai, a sa ta, duk mai dariya ya yi. In aka ga lodi ya yi yawa a sauka, kuɗin fito ba su kai rai ba.

A kan tsibiri ba tasha, ba ɗan acaɓa mai jira. Ƙafa ce, sai kwalekwale da filafili in za a zagaya ta ruwa ko a tsallaka wani gungun. Ba otal, ba gidan abinci. Wanda ya sauka ya fara zuwa gaida mai gari da ɗan goronsa, ya faɗi abin da ya kawo shi, a haɗa shi da yaron da zai zagaya da shi, ya kuma sallami yaron da abin kirki. Zai ga fadamun albasa, da tarun masunta a shanye, da wurin banda inda ake ƙyafe tarwaɗa da ƙarfasa, in ya yi sa'a a nuna masa giwan ruwa. Kada ya ɗaga waya a mashayar da mata ke wanka da wanki. Kada ya yi iyo a ruwan da ba ya gudu, saboda tsargiya. Inda aka ce masa akwai dorina, ya yarda, kada ya ce sai ya gani kusa. Ya tafi da ruwan shansa da gidan sauro, ya kuma dawo da ledarsa, don tsibiri ba shi da bola sai kogi.

Kada kuma mu ɗauka cewa wuri in ya samu ba ya lalacewa. Ayoru a Jamhuriyar Nijar, arewa da Tilaberi, tana da tsibirinta a tsakiyar Kwara da kasuwar Lahadi da ta yi suna. Shekaru da dama baƙi na tasowa daga Yamai su zo kallon dorina su ci kasuwa. Da rashin tsaro ya mamaye yankin, ƙafa ta ɗauke, masu jirage da masu masauki suka koma zaman jiran tsammani. Baƙo ba ya jayayya da haɗari, sauya hanya yake yi. Ɗan gida ne ba shi da inda zai sauya.

Shi ya sa nake kira ga gwamnatocin Kabi da Neja, da tamu ta Zamfara saboda Gummi da Bakalori: a fara da jirgi ɗaya mai lafiya a kowace babbar mashiga, mai lokacin tashi sananne, mai littafin fasinja, mai riga daidai da yawan kujeru, wanda zai yi aiki ran kasuwa da ran da ba kasuwa. Ranar da mace mai naƙuda za ta tsallaka daga tsibiri zuwa asibitin Yalwa ba tare da danginta sun riƙe numfashi ba, ranar ce za a iya buga talla a ce mutanen Nahuce su zo hutu. Kafin nan, mai karatu, in ka je, sa rigarka.